Girata Ta Zube, Ga Masu Lefe Na Tafe

Assalamu alaikum Anti Lubabatu,

Don girman Allah ki taimake ni, kada ki sa takardar nan tawa ta bi layi. Na san masu rubuto miki suna da yawa, amma ni kwanakina ƙidayayyu ne. Saura mako biyar a kawo lefen ɗiyata, kuma in ban sami mai gaya mini gaskiya ba kafin nan, zan aikata abin da ban san ƙarshensa ba.

Shekarata arba'in da huɗu. Haihuwar garin Anka ce ni, aure ya kawo ni Gummi. Sana'ata matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli a cikin gida. Firamare kaɗai na yi, ki yi haƙuri da rubutuna. Sunayen da zan ambata duk na aro ne, don in rufa wa kaina asiri, kuma yarinyar ɗiyar fari ce, bakina bai taɓa kama sunanta ba. Bari in kira ta Fiddausi.

Matsalata gira ce. Ki yi dariya in kina so, ni ma da wata ce ta kawo mini wannan kuka shekaru biyu baya da na dara. Shekara ɗaya da rabi ke nan gashin girata ya fara zuba. Daga wutsiya ya faro, can gefen kunne, kaɗan-kaɗan, har na ɗauka hayaƙin murhu ne da hucin kasko. Na shafa man shanu, na shafa man kaɗe, na shafa wani mai da anka kawo mini tsarabar Makka. Ko sili bai tsiro ba. Yau in na wanke fuska, ta dama sumul take, ta hagu kuwa 'yan tsiraru ne da za ki iya ƙirgawa. Maigidana Malam Namadi fataucin hatsi yake yi, rabin mako yana kasuwanni. Da ya lura sai ya maida abin wasa, wai tsufa ne ya fara yi mini aski kyauta. Ya sayo mini jagira, shi ke nan a wurinsa magana ta ƙare. Tun daga lokacin, Fiddausi ce ke zana mini gira kowace safiya, kafin masu sayen mai su fara sallama, don ni hannuna karkacewa yake yi.

Anti, ban san yadda abin yake a birni ba, amma a ƙasarmu in girar mutum ta zube, abu guda mutane ke kawowa a rai: kuturta. Kuma kin san ba a ɗaura aure sai an yi bincike, dangin uba da dangin uwa, ana neman sata, ana neman hauka, ana neman wannan ciwon. Ina yarinya anka fasa auren wata ƙawar yayata ana saura kwana uku, kawai don an ce kakanta na wajen uwa ya mutu ba yatsu. Ita lafiyarta lau, kyakkyawa da ita, amma ba wanda ya sake taka ƙofar gidansu.

Wanda zai auri Fiddausi sunansa Jamilu, malamin makaranta ne, mutumin Zugu ta ƙasar Bukkuyum. Su sunka ga juna sunka so juna, shekara biyu yana zuwa a kan mashin ɗinsa, rani da damina. Danginsa sun yi bincikensu tun bara, sun ce ba su ji komai ba sai alheri. Yarinyar nan in ta ji ƙarar mashin sai ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ina kallonta in kau da kai.

To, ga abin da ya faru watan jiya. Anka yi suna a maƙwabta, gidan ya cika da mata, ga zafi. Anka kira la'asar, na ɗauki buta na tsuguna a tsakar gida tare da mutane. Na saba in na fita in riƙe alwalata tun daga gida, amma rannan na yini ina taya su tuya, kaina ya ɗauke, na manta sarai. Na watsa ruwa a fuska sau uku, na murje da kyau. Da na ɗago, ashe jagirar ta bi ruwa. Wata tsohuwa ta ƙura mini ido, ta dubi hannuwana, ta sake duban fuskata. Da anka kawo tuwo kuwa, mu huɗu muke ci a kwano ɗaya tun safe, sai ga shi an zubo mini nawa daban, wai don girmamawa. Innalillahi! Na ci loma biyu, ban san da me na haɗiye su ba. A makon nan gidaje uku da kullum ke aiko sayen mai sunka daina.

Cinikin bai dame ni ba. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne a cikin matan akwai wadda 'yar Zugu ce, aure ya kawo ta unguwarmu. Kwana goma bayan sunan sai ga saƙo daga gwaggon Jamilu, ana ce da ita Amariya, wadda ta raine shi kuma ba a tsallake maganarta a gidan. Ta ce ita da kanta za ta jagoranci lefe, za ta kwana a wurinmu saboda nisa, kuma tana so ta shigo ɗaki mu gaisa sosai. Anti, yaushe masu kawo lefe sunka fara neman uwar amarya? Ai ƙannena da ƙannen ubanta ke karɓa, ni ina ƙuryar ɗaki. Matar nan fuskata za ta zo gani. Za ta kwana, za ta tashi, za mu yi alwala a bayan ɗaki ɗaya. Jagira ba za ta fisshe ni ba.

Ana cikin haka na ji labarin wata Hajiya Aishatu a Anka, wadda ta daɗe a Jidda ta dawo da injin zanen gira na dindindin, suna ce masa tatu. Na ce wa Malam zan je duba ƙanena, na shiga mota na tafi. Na same ta, mace mai fara'a, ɗakinta na ƙamshin turare. Injin ɗan ƙarami ne kamar biro, yana zuuu in ta kunna shi, ga 'yan kwalabe na tawada a jere. A gabana ta yi wa wata matashiya. Yarinyar ta runtse ido, hawaye na bin gefen kunnenta, Hajiya na goge jini-jini da auduga. Da ta gama girar ta fito baƙi wuluk, kamar an manna. Ta ce haka yake da farko. Na ga ta goge allurar da sifirit ta maida cikin wani ɗan gwangwani. Ta nuna mini hotunan Larabawan da ta ce ta yi wa, duk jajayen mata, ni kuwa baƙa ce sosai. Ta duba goshina ta ce nawa ma ya fi sauƙi tunda fili ne fetal. Ta ce ba ya fita har abada, ko da sabulun wanki, kuma kwana uku ya warke. Yanzu za ta yi tafiya Kano, sai ta dawo, ta ba ni rana, kwana tara kafin lefe. Na yi niyyar sayar da tunkiyata in biya.

Wata aminiyata kuma da na ɗan tsegunta wa ta ce mi zai kai ni Anka, a kira Makau wanzami ya yi mini jarfa da aska a cusa kwalli a ciki, kamar yadda ake yi wa 'yan mata a kumatu can dauri. Ta ce ba wanda zai sani, kuma kwalli ai maganin ido ne, ba ya cutarwa.

Anti, ga abin da nake so in sani. Shin da gaske kwana uku yake warkewa? Zai yi kama da gashi, ko Amariya tana kallo za ta gane zane ne? A baƙar fata irin tawa zai fito? Alwalata da wankana za su inganta? Ina jin an ce haramun ne, to ni da ba ado nake nema ba fa? Tsakanin Hajiya da Makau wa ya fi?

Na so in rufe a nan, na ninke takardar ma, na sake buɗewa. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Malam. A damtsena na hagu akwai wani tabo fari-fari kamar faɗin tafin hannun yaro, wani kuma a gadon baya. Na ɗauka ƙyasfi ne, na yi ta shafa magani. Makon jiya ina tuya mai ya fantsamo mini a wurin, ban sani ba sam. Sai da na zo canza riga na ga wurin ya tashi, ya yi ruwa. Ƙunar mai, Anti, ni da ko tartsatsi ya taɓa ni sai na yi tsalle! Kuma 'yan yatsuna biyu na wannan hannun sukan yi mini nauyi, allura na faɗuwa in ina ɗinki. Ban je asibiti ba. Rabin masu aiki a can sun san ni, wasu ma masu sayen maina ne. In na shiga da safe, kafin azahar an ji a kasuwa.

Ni dai a bar ni in rufe fuskar nan har a ɗaura auren, in ya so bayan nan komai zai same ni ya same ni. Ba zan iya zama sanadin hawayen yarinyar nan ba. Tsoro nake ji, Anti, wallahi tsoro nake ji.

Taki cikin damuwa,
Uwar Amarya, Gummi.

*

Wa alaikumus salam Uwar Amarya,

Ban yi dariya ba. Takardarki na sa a gaba, na ture na wasu, su yi mini haƙuri. Na gode da kika sake buɗe ta kika ƙara abin da kika ƙara, domin shi ne gundarin maganar. Amma bari in fara da tambayoyinki, don kada ki ce na yi miki kwana. Na tambayi wata likitar fata da wata mai wannan sana'a da ta koye ta a makaranta, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Zanen gira na dindindin jarfa ce, sai dai ba ta kai ta jiki zurfi ba. Ana huda fata ne a cusa launi a ƙarƙashinta. Iri biyu ake yi. Akwai na inji, irin wanda kika gani, wanda yakan cike girar kamar an shafa kwalli. Akwai kuma na hannu, da wata 'yar aska mai jerin allurai sirara, ana tsaga fatar sili-sili don ya yi kama da gashi. Na hannun ya fi kama da gira ta gaske, amma ya fi saurin dushewa, kuma a fata mai maiƙo silin kan baje ya haɗe. A hannun gwana abin yana kyau, kuma akwai matan da wuta ko jinya ta cinye musu gira da wannan aiki ya dawo musu da walwala. Ban raina shi ba, ban kuma raina ki don kin so shi ba.

Sai dai zancen kwana uku ba gaskiya ba ne. Rauni ne, kuma tafiyar rauni yake yi. Kwana biyun farko wurin na kumbura, launin ya yi baƙi ƙirin. Daga wajen kwana na biyar ɓawo ke fara tashi, da ƙaiƙayi, yana ɓarewa gutsi-gutsi har wajen mako biyu, wani wuri da launi wani wuri babu. Ainihin yadda zai zauna ba ya bayyana sai bayan wata guda ko fiye, sannan a koma a cike inda bai kama ba. Yanzu ki ƙirga da kanki. Kwana tara bayan an yi, ranar da Amariya za ta zauna a gabanki, goshinki na tsakiyar ɓare ɓawo. Matar da ta zo neman alamar ciwon fata, ita za ki tara da gira mai saɓa? Kin ba ta abin da ta zo nema, har da ƙari.

Zancen har abada ma da gyara. Yakan dushe cikin shekara ɗaya zuwa uku, amma ba ya fita fes. Sau da yawa rikiɗa yake yi, baƙin ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, wani ya koma ja. In aka karkace ko aka ɗaga ɗaya ta fi ɗaya, da shi za ki yi ta yawo, don cire shi aiki ne na manyan asibitoci, mai wuya, kuma ba kullum yake fita ba. A baƙar fata yana fitowa, amma sai an iya zaɓen launi, kuma fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu ko baƙin shaci a inda aka ji mata rauni. Wadda ta nuna miki hotunan jajayen mata kaɗai, ranar da aka gama musu, ba ta nuna miki komai ba. Abin tambaya shi ne ta nuna miki mace mai irin fatarki wadda ta yi wa wata shida da suka wuce, ki gan ta ido da ido.

Allurar nan da kika ga an goge an maida gwangwani ita ta fi tayar mini da hankali. Sifirit ba ya wadatarwa. Allurar da ta sha jinin wata tana iya ɗauko miki ciwon hanta ko ƙanjamau. Ƙa'idar aikin ita ce sabuwar allura a leda, a ɓare ta a gabanki, a jefar bayan an gama, mai aikin da safar hannu, tawadar a tsiyaya miki taki daban. Mai sanin aiki takan ɗiga launin a bayan kunne kwana biyu kafin nan don a ga ko jikinki zai ƙi shi, ta zana girar da fensir ki duba a madubi ki yarda, kuma ta tambaye ki lafiyarki: ciki, shayarwa, ciwon suga, saurin zubar jini, ciwon fata. Hajiyar nan ta ga girar mace ta zube ƙaf, ba ta tambayi dalili ba, sai ma ta yi murna da fili. Wannan kaɗai ya isa ki riƙe tunkiyarki.

Makau kuwa, ki gaishe shi, ya tsaya a askinsa. Askar da ta zaga kawunan gari ba ta da abin yi a saman idonki. Kwallin dutse kuma da yawansa akwai darma a ciki, guba ce in ta shiga jini. Haka dayis ɗin ƙunshi, in wata ta ba ki shawarar shi, kada ki kai shi kusa da ido, yana ƙona fata.

Game da addini, ni ba malama ba ce. Abin da na sani shi ne hani a kan jarfa don ado yana da ƙarfi, kuma akwai malaman da suka bambanta ado da gyaran abin da ciwo ko haɗari ya ɓata. Ki kai wa malamin da kika amince da shi tambayar yadda take, ko ki aika Malam Namadi. In ya warke launin yana ƙarƙashin fata ne, ruwa na taɓa fatar. Amma ga abin da ba a gaya miki ba: masu aikin na hana jiƙa wurin har mako guda ko fiye. Ke mai wanke fuska sau biyar a yini, yaya za ki yi da wannan makon? Shi ma ki sa cikin tambayar.

Yanzu sai babbar maganar, kuma zan faɗe ta ba kwana-kwana don ke ma haka kika yi mini. Ni ba likita ba ce, ba kuma a gane ciwo ta takarda. Gira na zuba saboda dalilai da yawa, akwai ciwon maƙoƙo, akwai wata cutar zubar gashi, akwai man bilicin. Amma zubar gira, da tabon da mai ya ƙona ba ki ji ba, da yatsun da suka fara nauyi, in suka haɗu a jiki ɗaya, dole a duba ki a kan abin da kike tsoro. Cikin makon nan, ba bayan biki ba.

Ki saurare ni da kyau, 'yar'uwa, don abin da kika sani game da kuturta labarin zamanin kakanninmu ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Ba gado ba ce, ba ta bin jini daga uwa zuwa 'ya, ba kuma baki ko sammu ba ne. Tana warkewa sarai da ƙwayoyi na wata shida zuwa shekara, kuma kyauta ake ba da su a asibitocin gwamnati. Da an fara shan su, ba a daɗewa mutum ya daina yaɗa ta. Waɗanda kika gani ba yatsu, magani ne bai riske su da wuri ba. Shi ciwon nan, jijiya yake ci a hankali, kuma abin da ya riga ya cinye ba ya cika dawowa. Shi ya sa mako biyar ɗin da kike son ki saya da zanen gira, da hannunki na hagu za ki biya su. Ga shi kuma likita na bukatar ganin goshin nan yadda yake, kuma fatar da ba ta da lafiya ba a tsaga ta a zuba mata tawada.

Na ji tsoronki na bakin mutane, kuma ba zan ce ba shi da tushe ba. In asibitin garinku ya yi miki kusa da kasuwa, ai kin iya shiga mota zuwa Anka ba wanda ya sani. Ki sake shiga, ki wuce Gusau ko Sakkwato, ki nemi sashen fata ko mai kula da tarin fuka da kuturta. Gwajin ba wani abu ba ne, su taɓa tabon da auduga idonki a rufe, su duba jijiyoyi, wataƙila su ɗan ɗebi ruwan fata. Amma wannan karon kada ki ce za ki duba ƙanenki. Ki zaunar da Malam Namadi ki nuna masa damtsenki, ku tafi tare. Mutumin da ya sayo miki jagira da kansa bai cancanci ya ji labarin matarsa a bakin 'yan kasuwa ba. In an tabbatar, za su so su duba mutanen gidan, har da Fiddausi, kuma wannan kariya ce gare ta.

Saura Amariya. Ba zan yi miki alkawarin ba za ta yi tsalle ba, don ban san ta ba. Amma ki duba hanyoyin biyu. In kika rufe fuska aka ɗaura aure, ciwon bai san an ɗaura ba, zai ci gaba. Ranar da ya fito fili Fiddausi na cikin gidansu ita kaɗai, kuma abin da za a jefe ta da shi ya zama biyu, ciwo da yaudara. In kuwa kin je asibiti, ko dai ki dawo da shaidar ba shi ba ne, ki tari kowa da fuskarki a wanke, ko ki dawo da magani a hannu kina mace mai warkewa. A nan sai Malam ya kira Jamilu su yi magana ta maza kafin ranar lefe. Malamin makaranta ne, in yana so ya je ya ji daga bakin likita, shi ya san yadda zai shawo kan gwaggonsa. Yaron da ya yi shekara biyu yana cin hanyar Zugu zuwa Gummi, a ba shi dama ya nuna ko wane ne shi. In ya tsaya, kin san hannun da kika sa 'yarki. In ya gudu a kan ciwon da ake warkewa, za ta yi kuka, ke ma za ki yi, amma gara ta san shi tun tana ɗakinki.

Fiddausi ma ki gaya mata. Na san akwai kunyar 'yar fari, amma yarinyar da ke riƙe haɓarki kowace safiya tana zana miki gira, kina jin ba ta san komai ba? Ina kyautata zaton ita ma tsoron take ɓoye miki.

In likita ya sallame ki, gashin bai dawo ba, malaminki ya ba ki fatawa, ki rubuto mini in taya ki neman wadda ta iya aikin, a yi miki a natse ba ana ƙirga kwanaki ba. Gira tana jira, ko baɗi ana iya zana ta. Yatsun nan biyu ne ba su da lokacin jira, kuma da su za ki ɗauki jikanki.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sanyaya zuciyarki, Ya rufa miki asiri, Ya zaɓa wa Fiddausi abin da ya fi alheri. Ki tashi ki shirya, gobe akwai mota.

Taki,
Anti Lubabatu.